Daga Dongguan zuwa Agege: yadda wasan yaƙinmu na 1903 ya makara a hanya

Bayan ƙaramar sallar 2023 muka karɓi kuɗin mutane, muka ce musu kafin shekarar ta fita wasan yaƙi na kan tebur da muka ƙirƙira zai shiga hannunsu. Bai shiga ba sai da damunar 2024 ta ɗauke. Tun daga lokacin matasa masu sha'awar wallafa nasu suke tsare ni da tambaya, wasu a ƙofar masallaci, wasu ta waya: ina aka buga, me ya tsayar da kayan, ya aka yi da masu kuɗi? Shi ya sa na ga gara in rubuta abin yadda ya gudana, don wanda zai bi hanyar ya san abin da ke gabansa.

Ba kowa ya san irin wannan wasa ba a wajenmu. Taswira ce ake shimfiɗawa a kan tebur ko tabarma, an raba ta gida-gida, kowane gida mai kusurwa shida irin na saƙar zuma. Rundunonin kuwa 'yan guntayen kwali ne masu kauri, an buga wa kowanne suna da lambobin da ke nuna ƙarfinsa da nisan da zai iya ci a tafiya ɗaya. Mutum biyu ne za su zauna, kowa ya ɗauki ɓangare, su sake gwabza wani yaƙi na tarihi bisa ƙa'idojin da aka rubuta. Hafsoshin sojan Furusiya, wata tsohuwar masarautar Jamusawa, ne suka fara koyon dabarun yaƙi ta wannan hanya tun wajen 1824, sannan a 1954 wani Ba'amurke, Charles Roberts, ya fitar da irinsa don sayar wa jama'a, daga baya ya kafa kamfanin Avalon Hill. Har gobe kasuwar ƙarama ce. Da yawa daga masu wallafa shi a Amurka da Turai mutum biyu ne ko uku a kamfani, wani ma shi kaɗai ne da ɗakin ajiyarsa.

Namu a kan zuwan Turawa ne. Ya fara daga fitowar rundunar Kanar Morland daga Zariya a ƙarshen Janairun 1903, ya bi ta Bebeji, ya kai ga faɗuwar Kano ranar 3 ga Fabrairu lokacin da Sarki Alu ba ya gari, ya ratsa Kwatarkwashi inda Waziri Ahmadu ya kwanta dama, ya kai filin Giginya a Sakkwato ranar 15 ga Maris, ya ƙare a Burmi ranar 27 ga Yuli, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada. Abin da ya sa na ƙirƙira shi kuwa, yaranmu da aka haifa a Agege da Idi-Araba da Mile 12 suna iya zana maka yaƙin duniya na biyu daga abin da suka gani a waya, amma ka ce musu Burmi sai su yi shiru. Na lura idan yaro ya riƙe dawakan Kano da hannunsa, ya ga yadda bindiga mai ruwan harsashi ke cinye su kafin su iso, ya shiga neman dabarar da zai tare hanyar ruwa ko ya tarwatsa 'yan dako, ba ya ƙara manta sunayen wuraren.

Ba mu sa dayis a ciki ba. Malamai da yawa suna ƙyamar wasan da ake jefa shi saboda hadisin da ya zo a kan nardu, mu kuma muna son uba ya zauna da ɗansa su buga ba tare da zuciyarsa na ɗar-ɗar ba. Sai muka yi 'yar jaka da ake zuba wasu 'ya'yan kwali a ciki, kowane zagaye a sa hannu a zaro ɗaya: ko rijiya ta ƙafe, ko 'yan dako sun gudu, ko ɗan leƙen asiri ya iso da labari. Wannan ya ƙara yawan 'ya'yan da za a yanka, kuma a kan 'ya'yan nan ne aikin ya fi tsayawa.

Mu uku ne. Ni na rubuta ƙa'idoji da tarihi, wani aminina mai zane a kwamfuta ya zana taswira da 'ya'ya, na ukun kuma ɗan kasuwa ne a Computer Village da ke Ikeja, wanda ya saba shigo da kayan waya daga ƙasar Sin. Jari ba mu da shi. Muka ari dabarar kamfanin GMT Games na Amurka, wanda ba ya kai wasa maɗaba'a sai an samu mutum wajen 500 da suka ce suna so. Sai dai su ba sa cire kuɗin mutum sai wasan ya kusa fita, mu kuwa da kuɗin mutanen za mu biya aikin. Da na kai wa kawuna maganar, shi da ya tsufa a cinikin goro a Agege, bai hana ni ba. Cewa ya yi, "Ɗana, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ka buɗe littafi, duk wanda ya ba ka sisi ka rubuta sunansa da ranar da ya bayar." Na ce, "To, Kawu." Littafin nan ya yi mana rana daga baya.

Shomolu muka fara zuwa, don nan ne cibiyar ɗab'i a Legas, kuma ba na son kowa ya karanta wannan ya ɗauka ba su iya aiki ba. Sun iya. Littafin ƙa'idoji da takardun da ɗan wasa ke dubawa a gefensa a can aka buga su, cikin 'yan makonni, launi tas, farashi a naira. Jakunkunan kuma wani tela a unguwarmu ya ɗinka su da ragowar shadda. Matsalar 'ya'yan ce. Ana buga takarda biyu, ta gaba da ta baya, a manna su a kan kwali mai kaurin milimita 2, sannan a danna wuƙar ƙarfe da aka lanƙwasa daidai siffar 'ya'yan ta yanke su gaba ɗaya. Kowane ɗa bai wuce milimita 16 ba. Idan gaba da baya suka goce da milimita 1 kawai, lambar da ke gefe ta tafi. Masu injin da muka gwada sun gaya mana gaskiya: aikinsu kwalin magani ne da katin biki da kalanda, inda ɗan gocewa ba ya ɓata komai, kuma kwali mai wannan kauri injinsu murƙushe gefensa yake yi. Daga nan muka yanke shawarar raba aikin: takardu da jaka a gida, akwati, taswirar da aka manna a kan kwali, da 'ya'ya a Sin.

Masana'antun da ke yin wannan aiki sun taru ne a lardin Guangdong da kewayen Shanghai da Ningbo. Yawancin waɗanda muka tuntuɓa ba sa karɓar aikin da bai kai kwafi 1,000 ba, wasu ma sai 1,500. Da ƙyar muka samu wata a birnin Dongguan da ke Guangdong ta yarda da 500, amma farashin kowane kwafi ya yi tsada, don kuɗin ƙera wuƙar yanka da kuɗin saita inji iri ɗaya ne ko kwafi ɗari za ka buga ko dubu goma. A nan na fara fahimtar matsayin ƙaramin mai wallafa wasa. Ba wanda ke gaba da shi, ba wanda ke nufinsa da sharri, amma a kowane layi shi ne na ƙarshe: a layin inji, a layin kwantena, a layin jirgi. Duk wanda ya zo da babban aiki, gabansa zai shiga.

Ƙa'idarsu ita ce a ba da kafin alƙalami, sauran kuma a cika kafin kaya su bar masana'anta. Lokacin da muka yi lissafi dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a hannun 'yan canji kuma wajen 750, da wannan na biyun muka sa farashin wasan. Ranar 14 ga Yuni 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, makonni kaɗan bayan cire tallafin mai. Kafin alƙalamin mun riga mun biya. Ragowar kuɗin kuwa yana zaune a banki a naira, yana narkewa. Kafin Oktoba ta fita dala ta haura 1,000 a kasuwar canji.

Da a ce aikin ya tafi da sauri, da mun tsira da ɗan abin da ya rage. Amma bugun wasa mataki-mataki ne, kuma ba a tsallake ɗaya. Ka aika zane, su duba su dawo maka da hoton yadda zai fita. Ka amince, su aiko da samfuri fari wanda ba a buga komai a kansa ba, don ka ga girman akwati da kaurin kwali da yadda kayan ke zama a ciki. Ka amince, su buga kwafi ɗaya cikakke su aiko. Sai ka sa hannu a kan wannan kafin a tayar da inji. Hoton farko da ya dawo mana, duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke sai muka ga ɗan akwati babu komai, don kwamfutarsu ba ta da salon rubutun da muka yi amfani da shi. Rubutun ajami da muka sa a murfi kuwa haruffansa suka rarrabu, suka juya daga hagu zuwa dama. Su ba za su gane an samu matsala ba, don ba sa karanta ko ɗaya daga ciki. Maganin shi ne a mayar da kowane rubutu ya zama zane kafin a aika, ta yadda babu abin da kwamfutarsu za ta canza. Duk wanda zai buga wani abu da Hausa a waje ya riƙe wannan. Sai kuma launi: jan ƙasar da ke haskawa a fuskar kwamfuta ya fito a takarda kamar an jiƙa shi, har ba a bambance dutse da fili a taswira. Aminina ya sake zaman gyara launuka ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ke cin lokaci a nan ba gyaran ba ne, jiran amsa ne. Sin tana gabanmu da awa 7. Lokacin da muke fitowa daga sallar asuba su rana ta raba, kafin mutum ya ratsa cunkoson Legas ya zauna a gaban kwamfuta sun kusa tashi daga aiki. Tambaya ɗaya, kwana ɗaya. In amsar ta haifi wata tambayar, wani kwanan. Na koma duba saƙonsu kafin in fita masallaci, in amsa a tsaye. Ana cikin haka makon hutun ƙasarsu na farkon Oktoba ya shigo, kuma watannin nan ne masana'antu ke cike da aikin manyan kamfanonin Turai da Amurka masu son kayansu su isa kafin Kirsimeti. Aikin kwafi 500 ba shi da bakin magana a irin wannan lokaci. Aka ce mana mako mai zuwa, mako mai zuwan ya zo aka sake cewa mako mai zuwa.

Cikakken kwafin ya iso a Disamba. Akwatin ya yi kyau, taswirar ta yi kyau, har na kira abokan aikina tun ban gama buɗewa ba. Da muka ɓalle 'ya'yan muka juya bayansu, sai muka tarar ɗaya daga cikin allunan kwalin da 'ya'yan ke jiki ya goce, lambar ƙarfin dawakan Sakkwato rabinta a kan wannan ɗa, rabinta a kan na kusa da shi. Ɗan kasuwarmu ya ce a bari haka, mutanenmu ba za su damu ba, lokaci na tafiya kuma dala na hawa. Na fahimci dalilinsa, don shi ne ya fi mu sanin abin da kowane mako ke ci. Amma wasan da ba a iya karanta lambarsa ba wasa ba ne, kuma wanda ya ba da kuɗinsa tun ba a buga ba shi ya fi cancantar a ba shi abu mai kyau. Muka ce a gyara. Masana'antar ta karɓi gyaran ba gardama, sai dai sabuwar shekarar Sinawa ta 2024 ta faɗo ranar 10 ga Fabrairu. A takarda hutun kwanaki ne, a aikace kuwa ma'aikata tun kafin ranar suke watsewa zuwa garuruwansu, masana'anta ta yi makonni a rufe, in an dawo ma ba kowa ke dawowa ba, sai an ɗauki sababbi an koya musu. Aikinmu bai hau inji ba sai bayan an dawo, a lokacin kuma dala ta wuce 1,500.

Wannan shi ne wuri mafi nauyi a tafiyar duka. Kuɗin da ya rage a banki bai kai rabin abin da ake binmu ba. Muka zauna mu uku da littafin Kawu a gaba. Neman ƙari daga waɗanda suka riga suka biya bai kwanta mini ba, don ciniki ya faɗa tun ranar da suka bayar. Abin da muka tsayar shi ne: wanda ya biya, farashinsa na nan, kwafin da suka rage za a sayar da su a sabon farashi, giɓin kuma ɗan kasuwarmu ya cike shi a matsayin bashi, za a biya shi daga ciniki. Sannan muka buɗe zaure a WhatsApp, muka zuba duk masu kuɗi a ciki, muka rubuta musu komai: abin da aka tara, abin da aka biya, hoton allon da ya goce, farashin dala ranar da muka karɓi kuɗinsu da farashinta a ranar. Muka ce duk mai son kuɗinsa ya yi magana. Wasu sun karɓa, kuma ban ga laifinsu ba, lokacin buhun shinkafa ya gagari mutane. Abin da ya dame ni shi ne nairar da na mayar musu ba ita ce suka ba ni ba, adadin ne kawai iri ɗaya.

Daga ranar na ɗaura wa kaina rubuta musu bayani duk farkon wata, ko da bayanin shi ne babu abin da ya motsa. Wani dattijo mai sayar da raguna a Alaba Rago, wanda ya biya wa jikokinsa, ya kira ni bayan ɗaya daga cikin saƙonnin. Na ɗauka kuɗinsa zai nema, na fara da ban haƙuri. Ya ce, "Malam, ni ba wannan ya sa na kira ba. Na yi shekaru ina jiran motar dabbobi daga Arewa, na san hanya ba ta da alkawari. Wanda ke ba ni tsoro shi ne direban da ya kashe waya. Kai dai kar ka kashe waya." Na ce, "In sha Allahu, Baba." Mutane suna iya jure jinkiri fiye da yadda muke zato. Shirun ne ba sa jurewa, kuma suna da gaskiya.

Da aka gama aikin sai maganar dako. Jirgin sama ba ya cikin lissafi, kwali nauyi ne da shi, kuɗin dakon sai ya fi kuɗin wasan. A jirgin ruwa kuma hanya biyu ce. Ko ka shigo da kayan da sunanka, wanda ke nufin kamfani mai rajista da lambar haraji, ka buɗe takardar shigo da kaya ta Form M ta banki, ka samo takardar SONCAP in kayanka na cikin waɗanda ake tantance ingancinsu, kwastam su fitar maka da takardar PAAR da za a ƙiyasta kuɗin fito a kanta, sannan ka ɗauki ejan da zai fitar maka. Ko kuma ka bi hanyar da ƙananan 'yan kasuwarmu ke bi: ka kai kayanka sito a Guangzhou, a auna girmansu, a haɗa su da na wasu a kwantena ɗaya, ka biya gwargwadon wurin da ka ci, su yi takardu su fitar, ka je sitonsu a Legas ka ɗauka. Kayanmu ba su kai ko kusa da cika kwantena ba, sai muka bi ta biyun.

Lokacin ya zo daidai da rikicin Bahar Maliya. Tun ƙarshen 2023 'yan Huthi na Yaman suke kai wa jirage hari, manyan kamfanonin jiragen ruwa suka daina bi ta mashigin Suwez suka koma zagayowa ta ƙasan Afirka ta Kudu. Da farko na ɗauka bai shafe mu ba, don jiragen da ke zuwa Afirka ta Yamma daga Sin dama can ta nan suke bi. Ashe ya shafe mu ta bayan gida. Tafiyar Turai da ta ƙara tsawo ta cinye jirage da kwantenoni, wuri ya yi ƙaranci, kuɗin dako zuwa yankinmu ya tashi a tsakiyar 2024, tashar Singafo da ake sauya wa kaya jirgi ta cushe har jirage na kwana da kwanaki suna jiran wurin tsayawa. Kwantenarmu ta cika, aka ba ta jirgi, ranar tashi aka bar ta a ƙasa aka ɗauki na waɗanda suka fi biya. Ta jira na gaba. Tafiyar da aka saba yi cikin wata ɗaya da rabi zuwa biyu ta zarce haka nesa ba kusa ba. Akwai manhajar da ke nuna inda jirgi yake a teku, na sa ta a waya, ina tura wa zauren hoton inda ya kai. Yara suka riƙa bin sa a taswira, daga tekun Indiya har ya kewayo ya tsaya a Lome.

Ranar da jirgin ya shigo Apapa an yi murna a zauren, ni kuwa ɗan kasuwarmu ya riga ya ja mini kunne cewa isowar jirgi daban, fitowar kaya daban. Haka kuwa aka yi. Da aka buɗe kwantenar don dubawa, sai aka tarar kayan wani daga cikin waɗanda aka haɗa mu da su ba su dace da abin da aka rubuta a takarda ba. Ba a tsare kayansa shi kaɗai ba, kwantenar duka aka tsare. Masu dubawar aikinsu suka yi, wanda ya ɓoye kaya shi ya jawo wa kowa. Amma kwanakin da ake ba kwantena kyauta a tasha kaɗan ne, suna ƙarewa kuɗin ajiya na tasha da kuɗin jinkirin mayar da kwantena na kamfanin jirgi suka fara hawa kullum, kuma a kanmu duka aka raba, kowa gwargwadon kayansa. Wannan shi ne haɗarin haɗa kwantena da ba a gaya wa sabon shiga: ba ka san da wa aka haɗa ka ba, ba ka da takarda da sunanka da za ka bi, ba ka da wanda za ka tambaya sai mai siton, shi ma jira yake. Na riƙa zuwa ofishinsu ina zama tare da masu kayan gyaran babur da masu takalma da wata hajiya mai kayan kicin, kowa da abin da ya ci masa tuwo a ƙwarya. Bayan an warware, sai jiran motar da za ta samu izinin shiga tasha ta ɗauko, don tun 2021 manyan motoci ba sa shiga sai an kira su ta tsarin Eto.

Katan-katan ɗin sun fito da alamun doguwar tafiya. Na ƙasa sun sha danshi, wasu kusurwoyinsu sun lotsa. Kwali yana shan laima, kuma kayan sun yi watanni a cikin ƙarfe, daga zafin Guangdong zuwa damunar Legas. Taswirori da dama sun ɗan lanƙwashe. Muka kwashe su zuwa wani ɗaki a Agege, muka shimfiɗa su muka danne da littattafai, fanka na kaɗawa in akwai wuta, har suka miƙe. Waɗanda akwatinsu ya lalace muka ware, ba mu ba wanda ya biya tun farko ko ɗaya daga ciki ba. Sannan aka shiga haɗawa da hannu: a cire ledar akwati, a ƙirga alluna, a sa littafin Shomolu da ya fi shekara yana jira a ɗaure, a sa jakar shadda, a rufe. Ƙannena da 'ya'yan maƙwabta suka yi wannan aiki bayan makaranta. Na Legas muka kai da kanmu ko suka zo suka karɓa. Na Kano da Kaduna da Zariya da Sakkwato muka ba direbobin manyan motocin fasinja, kowane kunshi da lambar wayar mai shi, cikin kwana biyu zuwa uku suka isa. Duk wanda ya karɓa, na ja layi a kan sunansa a littafin.

Ina bibiyar labarin masu wannan sana'a a waje, kuma na ga ba mu kaɗai ba ne. A Maris 2021 jirgin Ever Given ya toshe mashigin Suwez na kwana shida, a Satumbar shekarar kuma ma'aunin kamfanin Drewry ya nuna dakon kwantena mai ƙafa 40 ya haura dala 10,000, alhali kafin korona bai kai 2,000 ba. A Afrilun 2025 Amurka ta ɗora harajin kashi 145 cikin ɗari a kan kayan Sin kafin a sassauta a watan Mayu, ƙananan kamfanonin wasa da dama suka bar kayansu a ajiye a Sin don ba za su iya biya ba. Su da ke da dala a aljihu ke nan. Mu ga jinkirin, ga kuɗin da ke zubewa yayin da ake jira.

Wasa na biyu da muke shiryawa a kan Basasar Kano ne, rikicin Tukurawa da Yusufawa da ya ɓarke a 1893. Wannan karon mun zana shi ne bisa abin da injin Shomolu zai iya yi. Mun ƙara wa 'ya'yan girma, mun ja lambobin zuwa tsakiya ta yadda ko an goce da milimita 1 ba abin da zai taɓa, mun rage kaurin kwalin, bayan kowane ɗa kuma launi ɗaya ne babu rubutu. Taswirar a takarda mai kauri za a buga ta a naɗe, ba a kan kwali ba. Ba zai kai na Dongguan sheƙi ba, na san wasu za su faɗi haka, amma in allo ya goce zan hau mota in je in tsaya a kan mai injin a gyara a ranar, kuma da naira zan biya. Wani maƙerin wuƙar yanka a Mushin ya riga ya ƙera mana tamu, gwajin farko ya fita da kyau in ban da gefe ɗaya da ke buƙatar wasawa. Ba mu karɓi kuɗin kowa ba tukuna, bashin ɗan kasuwarmu ma saura kaɗan a gama biya daga cinikin na farkon.